Barcin da Ya Ci Buhu Huɗu na Riɗi

Ni dillalin riɗi ne, kuma daga Ajingi har Gaya ba wanda zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa yi mini wayo a ciniki. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin Wudil, shi ma ta kan gada. Sai ɗan yayana, mai saro kaya daga Istanbul zuwa Kantin Kwari, ya ce, "Baffa, Turkawa fa na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya. Zo ka ga inda guminka ke zuwa."

Na bi shi Istanbul. Da ya gama sari, sai ya sa mu a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, bene kan bene. Kwana na yi cikina na juyawa, ban runtsa ba.

Da safe muka tsaya a Kushadasi. Aka ce kowa ya dawo kafin biyar na yamma. Na yi murmushi, don na san irin wannan zance. Haka 'yan kamasho ke cewa "saura mutum ɗaya" a tashar Gaya.

Mota ta kai mu Efes, tafiyar kimanin kilomita 20. Kufai ne, amma na alfarma: ga ɗakin karatun Selsus na zamanin Rumawa, ga dandalin da ke ɗaukar mutum kusan 25,000. Kusa da nan aka nuna mana wani kogo da wasu ke dangantawa da Ashabul Kahfi, masu barcin shekara 309. Na yi hamma, na ce Allah Ya ba mai rabo.

Da muka dawo gari, yaron ya tafi canjin kuɗi. Wani mai shagon darduma ya yi mini sallama, ya ji na amsa da kyau, ya rungume ni. Ya kawo shayin tuffa a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. Yaransa suka shiga warware dardumu, suna wulla su sama suna juyawa, launi na sauyawa. Ya ce in cire takalmi in ji laushi. Na taka ɗaya. Na zauna. Na ɗan kishingiɗa don in gwada ta sosai, kamar yadda ya kamata ɗan kasuwa ya yi.

Kukan jirgi ne ya tashe ni. An sa mini matashi, an lulluɓe ni, ga yawuna ya yi taswira a kan siliki. Yaron na tsaye a kaina yana haki: "Baffa, saura minti goma!"

Mai shago bai ce in saya ba. Hannu kawai ya ɗora a ƙirji, ya tambaya ko na yi barci lafiya. Wane ɗan halas ne zai taya kayan mutumin da ya lulluɓe shi? Yadda ya faɗa, haka na biya. Na ɗora naɗin a ka, na tattare babbar riga, na zura da gudu, Turawa na kan bene suna tafa mini.

Yanzu dardumar tana ɗakina a Ajingi, ba mai taka ta, har ni. Na lissafa kuɗinta, buhu huɗu na riɗi cif. Hajiya kuwa har gobe gaya wa maƙwabta take yi wai wani Baturke ne ya ba Alhaji kyauta, saboda ya ga iya cinikinsa.