Kafin Ka Sayi Keken Tsere, Malam Sabon Shiga

Ciwon son keken tsere da dare yake kama mutum, yana kwance yana latsa waya. Ka ga yadda Biniam Girmay ɗan Eritriya ya lashe koriyar riga a gasar Tour de France ta 2024, sai ƙafafunka su fara ƙaiƙayi. Madalla da wannan ciwo. Burina ka warke a kan sirdi, gonar gado kuma tana nan ba a sa ta a kasuwa ba.

Fara da tsawonka, ka bar zancen launi tukuna. Keke yana da lamba kamar takalmi: firam na santimita 52, 54, 56, har sama. Mai tsawon santimita 170 zuwa 175 yawanci 54 ke yi masa. Mai sayarwa zai dube ka ya ce, "Alhaji, ai don kai aka ƙera wannan." Ka yi masa murmushi, domin tun safe ya faɗa wa dogo haka, ya faɗa wa gajere. Ka ƙetara keken ka tsaya da ƙafa biyu a ƙasa, ka ga sandar sama ba ta tokare ka ba. Sai ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe daidai, ba tare da ka karkace ba. In kana miƙa sai ka yi da gaske kafin hannunka ya kai birki, keken na wani ne, ko kyauta aka ba ka. Wanda irin wannan keke ya sa wa ciwon baya da wuya yakan jingine shi a zaure cikin wata guda, kaji su mayar da shi wurin kwana. In kana da aboki mai irinsa, ara ka gwada. Aro ba abin kunya ba ne: Ese Ukpeseraye ta Najeriya ma da keken da 'yan Jamus suka ara mata ta shiga tseren cikin fili a gasar Olamfik ta Paris a 2024.

Za a yi maka waƙar firam ɗin kabon, wai ba shi da nauyi. Gaskiya ne. Keken manyan 'yan tsere doka ta hana ya gaza kilo 6.8, naka na alminiyam kuma zai kai kilo 10 ko 11. Wannan ratar, in ka dage da hawa, tumbi zai biya ta da kansa ba tare da ka cire ko kwabo ba. Kabon na gwanjo yana iya ɓoye tsagewa a ƙarƙashin fenti, kuma mai waldar unguwarku ba shi da maganinsa. Alminiyam ko ƙarfe ya ishe ka.

Giya kuwa, kamfanin Shimano ya jera su hawa-hawa: Claris mai 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sannan 105 da na samansa. Claris ko Sora za su kai ka Wudil daga Kano su dawo da kai lafiya, sarƙarsu kuma ta fi araha in ta cinye.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne taya. Siririyar nan ta milimita 23 ta santsin kwalta ce, ba ta san rami ba, ba ta san tsidau ba. Nemi firam da zai karɓi 28 ko 32. Sannan tayar keken tsere lamba 700 ce, ba kowane shago ke ajiye ta ba, don haka ka san inda za ka samo ta tun kafin ka biya. Dubi bakin tiyub ɗin ma. Siririn nan da ake kira Presta ba ya shiga famfon mai faci na bakin titi, wanda ya saba da Raleigh da Phoenix da babura. Ɗan ƙarfen da ke haɗa su bai kai kan yatsa ba. Saya biyu, ɗaya a aljihu, in ba haka ba kai da mai faci za ku zauna kuna kallon juna har la'asar.

In ɗan Kwatano za ka saya, tafi da mai gyaran keke, ka ba shi na goro. Ya juya ƙafafun ya ga ba sa rawa, ya matsa birki, ya duba haƙoran giya da wuraren walda. Ka karɓi rasit, kada wata rana wani ya tare ka a hanya yana salati.

Kada keken ya cinye kuɗin duka. Hular kwano dole ce, haka fitilar gaba da ta baya, da famfo, da tiyub na ko-ta-kwana, da kwaɗo mai ƙarfi. Babbar riga a bar ta a gida, domin sarƙa tana son shadda ƙwarai, ƙafar wando ma a ɗaure ta. Sirdin zai gaishe ka gaisuwa mai zafi a makonnin farko. Ka riƙa gajeruwar tafiya bayan Asuba, kafin rana da masu Adaidaita su fito, jiki zai saba. Fedar nan mai kama takalmi kuma a dakata da ita sai ka ƙware, don sabon shiga yakan manta ƙafarsa a maƙale take, ya tsaya a danja, ya kife a hankali a gaban mai shayi da dukan jama'arsa.