GCC Ba Ta Haifar Kanta

Wani abokina da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi ne ya zuga ni. Wai gwanaye ba sa sauke Python a shirye, ɗanyen rubutunsa suke ɗaukowa su gina da hannunsu. Ni kuwa ba a yi mini gori.

A ɗakina na Angwan Lambu na buɗe tsohuwar laftof ɗina mai Ubuntu, na buga ./configure, na harɗe ƙafa. Layuka suka yi ta gudu, can suka tsaya cak: "no acceptable C compiler found in $PATH". Wato babu kompaila, manhajar da ke mayar da rubutun ɗan Adam abin da na'ura za ta gane. Ga buhun masara, babu injin niƙa.

Na ce abu mai sauƙi. Sunan kompailar GCC, Richard Stallman ne ya fitar da ita a 1987, kuma kyauta ce. Na sauko da ɗanyen rubutunta, data ta tafi ba ko sallama. Na buga ./configure. Saƙon ɗazu ya dawo, harafi bai canza ba. Ashe ita ma GCC sai da wata kompailar ake gina ta. Na duba agogo, na duba sauran garin kwakin da ke roba, na yi salati.

Ƙanwata da ta kawo mini saƙo daga gida ta leƙo allon. "Yaya, matsa." Ta buga sudo apt install build-essential, sai ga gcc, g++ da make sun shigo tare, a gine. Ko kallona ba ta yi ba, wanda ya fi dariya ciwo.

Na koma kan Python, na sake buga ./configure, sannan na buga make. Fankar laftof ta kama kuka, aiki ya yi nisa, aka ɗauke wuta. Batirin nawa kuwa ba ya kai raka'a biyu. Na rungume ta a buɗe, na ruga shagon mai cajin waya, 'yan acaɓa suna kauce mini.

Da magariba gini ya kammala. Na kira pip, mai sauko da ƙarin manhajojin Python, ya ce bai san SSL ba. Ba a saka libssl-dev kafin farawa ba, sai an sake daga tushe.

Mai caji ya kashe janareta. "Maigida, gobe kuɗin laftof ninki biyu ne. Wannan taka fetur take sha."