Taron da Karkatacciyar Mota Kan Haɗa

A-kori-kurar da muka taso muka gani, daga Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna a da zuwa Hilux, bayanta a kan sifirin na ƙarfe yake zaune. In ganye ɗaya ya karye, da ido za ka gani, ko maƙeri ya san abin yi. Yanzu kuwa masu hali sun fara shigo da manyan na Amurka irin Ram 1500, wadda tun samfurin 2013 ake iya samunta da jakar iska a kowace ƙafa maimakon sifirin. Wasu kuma sukan ƙara jaka biyu a baya, ta Firestone ko Air Lift, su taya sifirin ɗaukar kaya. Kwamfuresa ce ke tura iska, akwatin bawul ya raba ta cikin siraran tiyo zuwa kowace jaka, sansa mai ɗan hannu tana auna tsayin kowace kusurwa tana kai wa kwamfuta rahoto. Kana tafiya kamar ba rami a duniya. Sai ran nan gari ya waye a tarar motar ta durƙusa ta hagu kamar raƙumin da ake shirin yi wa labtu. Daga nan jama'a kan fara taruwa.

Na farko mai motar ne da kansa, kuma shi bai ga komai ba. "Ƙasar ce ba daidai ba," in ji Alhaji. A matsar da motar kan siminti, ya ce mai ginin ne bai iya aiki ba. A kai ta ƙofar masallaci, can ma ƙasar ta karkata, kuma duk ta hagu. Zai fi masa sauƙi ya yarda unguwar gaba ɗaya ta zame da ya yarda motar da ya biya kuɗin kwastan a kanta wata uku da suka wuce tana da ciwo. Musun nan kuwa yana da farashi. Duk iskar da ta zurare, kwamfuresa ce ke biyan bashin, tana ta gurnani ba hutu har ta yi zafi ta ƙone. Gyaran roba ya koma gyaran inji.

Direbansa ya fi kowa sanin gaskiya, shi ya sa ya fi kowa ɓoye ta. Tun da asuba yake lallaɓawa ya tada motar, ya tsaya yana goge gilashi har ta miƙe tsaf kafin maigida ya fito. Ya san wace ƙafa ce ke sauka, ya san ko cikin awa biyu take sauka ko sai ta kwana, ya kuma san ranar da abin ya soma, domin ranar ce ya yi wa kansa lodin buhunan masara daga Dawanau ba da sanin kowa ba. Wannan bayanin shi ne rabin gyaran. Amma in bakanike ya tambaye shi a gaban Alhaji, amsa ɗaya gare shi: "Wallahi, ranka ya daɗe, jiya lafiya lau na ajiye ta."

A gareji wanda ke fara tarbarka shi ne Sarkin Canji. Ba ya sunkuyawa, kunne kawai yake karkatawa. Ya ji kwamfuresa tana kuka, ya girgiza kai: "Alhaji, kwamfuresa ta tafi." Da ma zai tsaya ya yi tunani kaɗan. Kwamfuresa ɗaya ce ke ciyar da ƙafafu huɗu. In ta gaji, motar duka ce za ta yi nauyin tashi, ba ta da wata gaba ta musamman da ƙafar baya ta hagu. Kukan da take yi na wahalar cike jakar da ke yoyo ne. Amma a canja. Bayan kwana uku mota ta sake durƙusawa, ya ce sansa ce. A canja. Sai akwatin bawul. Ranar da ya zo kan jakar, da yake ita kaɗai ta rage ba a taɓa ba, mota ta warke, sai ya dubi yaransa ya ce, "Ai tun ranar farko na zarge ta." Ni dai ban taɓa jin ya mayar wa wani da tsohuwar kwamfuresarsa mai lafiya ba. Tana can bayan shago tana jiran Alhaji na gaba.

Mai kwamfuta saurayi ne mai farar riga, kuma da farar rigarsa yake komawa gida. Ya jona na'ura ƙarƙashin sitiyari, ya karanto wasu lambobi da Turanci, ya danna, fitilar gargaɗi ta mutu. "Na goge, Oga." Ya goge ƙorafin, yoyon yana nan. Na'urarsa ba ta ganin huda. Abin da za ta iya faɗa shi ne kwamfuresa ta yi zafi, ko kusurwa kaza ta kasa kai tsayinta. Sai dai kar a raina shi, akwai ranarsa. In mota ta kwana a kashe ba ta sauka ba, amma da an tada ta sai ta karkace da kanta, to ba iska ce ke gudu ba, sansa ce ke shara wa kwamfuta ƙarya: hannunta ya lanƙwashe ko ya fita, ko ruwa ya shiga soket ɗinta. In an sa sabuwa, dole a koya wa kwamfuta tsayin daidai, kuma ba mai yin wannan da sifana. Haka tsarin Ram rufaffe ne, iskar naitirojin ke zagayawa tsakanin tanki da jakunkuna, in ta zube ana bukatar na'urarsa wajen sake cikawa. Matsalarsa ita ce yana ganin kowace rana ranarsa ce.

'Yan benci ba a gayyatarsu. Akwai mai cewa baki ne, mota irin wannan ai dole a yi mata sadaka. Akwai wanda ƙanin matarsa ke da irinta a Abuja, "kuma shi tasa ta dama take kwantawa." Akwai mai shan rake da ba ya cewa uffan sai an faɗi kuɗin jaka ɗaya, ya yi salati, ya ci gaba da shan rakensa.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne mai faci na bakin titi, wanda ba a ma kira shi ba, ya leƙo ne kawai. Abin da ya fara yi shi ne auna iskar taya, kuma sau da yawa a nan shari'ar kan ƙare, don tayar da ta yi sanyi ma tana karkatar da mota. In ba taya ba ce, sai ya kaɗa ruwan omo a gora ya bi yana fesawa: kan jakar, inda tiyo ya shige mahaɗinsa, da inda tiyon ya bi kusa da salansa zafi ya gasa shi. Inda kumfa ya tashi, nan ɓarawon yake. Ya ma san wata dabara da manyan gareji kan manta. Jakar nan naɗewa take yi a ƙasa, kuma a wurin naɗin robar ke tsattsagewa, don haka a wani tsayin tsagar tana rufe kanta. Sai an ɗaga motar jakar ta miƙe sannan kumfa ya fito. Har nan malami ne. Inda yake ɓata rawarsa da tsalle shi ne in ya gano hudar, sai idonsa ya yi haske, ya jawo guntun tsohon tib da gam. "Alhaji, faci ɗaya ne." Robar da ke naɗewa tana warwarewa a kowane rami, ɗauke da rubu'in nauyin mota, ba ta riƙe faci. Shi a duniyarsa duk abin da ke riƙe iska ɗan'uwan taya ne.

Mai kayan gyara, ko a Ƙofar Ruwa yake ko a Panteka ko a Ladipo, rantsuwarsa ɗaya: "Beljiyam ce, kamar ba a taɓa hawa ba." An ciro ta ne daga mota sa'ar taka, robarta ta sha shekarun da taka ta sha. Zai kuma ce ka sayi biyu, ta hagu da ta dama. A wannan karon kaɗai ka saurare shi, don jakar da ta rage tare aka haife su da wadda ta mutu. Gaskiya da ribarsa ne suka yi kiciɓis a hanya.

Sai dattijon da bai taɓa yafe wa zamani ba. "Mota a kan iska? A cire a sa sifirin!" Yana da hujja, ana sayar da kayan yin hakan, kuma mai yawan shiga ƙauye zai iya samun kwanciyar hankali da su. Sai dai in an cire ba a sanar da kwamfuta ba, fitila za ta yi ta ci a gaban direba, shi kuma maganinsa baƙin salatif. In jakunkunan ƙari ne a baya, dabararsa ta fi ban dariya: ya haɗe tiyon hagu da na dama wuri ɗaya. Mota ta daidaita kuwa, don yanzu huda ɗaya tana zuƙe jaka biyu, bayan motar ya sauka gaba ɗaya. Ya yi adalci. Wajen shan kwana kuma iskar ta gudu daga ɓangaren da nauyi ya danna zuwa ɗayan, motar ta ƙara rinjaya.

Akwai ɗaya da ba ya ba ni dariya: yaron gareji da ke shigewa ƙarƙashi ba a kafa wa motar komai ba, ya fizge tiyo don ya ji ko akwai iska. Akwai. Ita ce ke riƙe da motar a samansa.

Can a ƙuryar garejin akwai wani tsoho da tef irin na tela a wuya da guntun alli a aljihu. Ba ya burge kowa. Ya sa a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ya auna daga ƙasa zuwa bakin modigad a kusurwa huɗu, ya rubuta a bango, ya zare fiyus ɗin tsarin don kar motar ta gyara tsayinta cikin dare ta ɓoye laifi. Sannan ya faɗi maganar da Alhaji ya fi tsana: "A bar ta ta kwana." Da safe ya sake awo. In kusurwa ɗaya ta sauka, yoyon yana tsakanin jakarta da tiyonta da bawul ɗinta. In ruwan omo bai nuna komai ba, sai ya kafa motar, ya sauke iskar, ya musanya tiyon hagu da na dama a akwatin bawul, ya ce a sake kwana. In karkatar ta koma dama, bawul ne. In ta tsaya a hagu, jaka ce ko tiyo. Alhaji yana da ɗaurin aure a Zariya, yana ta duba agogo yana tsaki.

Rana ta uku tsohon ya yanke bakin tiyon da ya tauye, ya daidaita shi, ya sa sabon ɗan zoben roba a mahaɗin, ya faɗi kuɗin da bai kai na man zuwa garejin ba. Alhaji ya karɓi tsohon zoben ya juya shi a tafin hannu, fuska ba walwala.

"Baba, wannan ɗan abin ne kawai?"

"Shi ne, Alhaji."

Ya biya, ya shiga mota, ya ce wa direba su biya ta wajen mai kwamfuta a duba ta sosai.