Tafkin da Na Gani a Waya

Wani abokin aikina a lakwal ɗin da nake koyarwa a Tawa ne ya ja mini. Ya ara mini madubin hangen nesa, ya ce a ƙasashen Turawa akwai manyan mutane, masu gemu da jikoki, waɗanda ke sammako su tafi daji kallon tsuntsaye, ba harbi ba kamu, su rubuta sunayensu a takarda su koma gida suna murna. Na ce wannan ibada ce mai sauƙi, ni ma zan iya.

Da na zo gida Buza a farkon watan Mayu, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na buɗe eBird, rumbun da jami'ar Cornell ta Amurka ta kafa a 2002, inda kowa ke zuba labarin tsuntsun da ya gani da wurin da ya gan shi. An ce Nijar na da tsuntsaye sama da iri 500. Na ga alamomi a Yamai da bakin kogin Kwara, na ga tafkin Tabalak a kan hanyar Agadas, wanda aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare tafkuna da dausayi a 2005. Da na jawo taswirar zuwa wajenmu, sai na ga fili fetal kamar gonar rago. Taswirar tana nuna inda masu waya suka tsaya suka rubuta ne kawai, amma ni a daren nan hukuncin da na yanke shi ne garinmu ba shi da tsuntsu. Ina cikin wannan nazari Inna ta ce, “Matsa da tabarmar nan daga gindin iccen.” Ban ko ɗaga kai ba, na ce mata bincike nake.

Sai na koma hoton tauraron ɗan'adam. Can wajen Keita, tsakanin duwatsu biyu, ga ruwa shimfiɗe, kore shar a gefensa, bayan wata madatsa irin wadda mutanenmu ke kira baraji. Na san tarihinta: aikin Keita ne, wanda Italiya da hukumar FAO suka soma a 1984 bayan fari, lokacin da iyayenmu mata suka yi ta dakon duwatsu a ka ana biyan su da abinci. Na kwanta ina lissafin kirinjijiya da dinya da zalɓe da zan tarar, watakila har gauraka.

Da asuba na yi ciniki da ɗan kabu-kabu a jika biyar, mai a kaina. Ya tambayi sunan garin, na nuna masa ɗigo a waya. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “Mushe, ɗigo ba gari ba ne.” Na ce ya tuƙa kawai, ilimi zai kai mu.

Ilimi ya raka mu har kwarin Majiya, inda layukan dogon yaro da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a 1975 don tare iska ke tsaye har yau. Daga nan rezo ya ɗauke. Ɗigon ya daskare a wuri ɗaya, mu kuwa muna ta hawa da gangara a kan tsakuwar Adar, wadda ke sa mutum ya san adadin ƙasusuwan bayansa. Sau biyu muka sauka muka tura babur a cikin yashin ƙorama. Tsuntsun da na fara rubutawa a littafina hankaka ne, shi ma bin mu yake yana jira ya ga wanda zai fara faɗuwa.

Rana ta take tsaka muka isa. Ga madatsa nan, ba ƙarya. Ga duwatsu biyu. Ruwa ne dai babu. Ƙasa ta tsattsage kamar faso a ƙafar manomi, samari na buga tubali da laka daga wani ɗan gurbi, wani dattijo kuma na jan guga daga rijiyar da aka haƙa a tsakiyar tafkina. Hoton da na dogara da shi bayan damina aka ɗauke shi, kuma na ga kwanan watan a ƙasansa, ban dai karanta ba.

Na yi sallama, muka gaisa, na tambayi gida da zafi. Dattijon bai cire ido daga madubin da ke wuyana ba.

“Froje ne ya dawo?”

“A'a, Baba.”

“To zinariya kuke nema?”

“Tsuntsaye nake nema, Baba.”

Fuskarsa ta washe. Ya ajiye guga ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce shekara nawa suna kuka, jan baki na sauka a kan dawa kamar hadari, yara na kwana a gona da gwangwani, sai yau gwamnati ta tuna da su. Ya tambaya ko da jirgi za a yi feshin. Na ce ni ba kashe su nake ba.

“To ci kake?”

“A'a. Kallo.”

“In ka kalla fa?”

“Sai in rubuta.”

Ya saki hannuna a hankali. Ya juya wajen ɗan kabu-kabu ya tambaye shi da ƙaramar murya, wai tun yaushe abin ya same ni. Sannan, da tausayi irin na manya, ya yi mini karatun da na biya jika biyar ban samu ba. Agwagin ruwa da sanyi suke zuwa, in ruwa ya ja baya su ma su tafi. Fakara da sassafe ake jin ta a bakin ƙorama. Cilakowa tana cikin gawon can. Shamuwa kuwa ta iso kwana uku da suka wuce, shi ya sa ya fiddo irinsa yana gyarawa. Shamuwar nan daga kudancin Afirka take tasowa kowace shekara ta riga ruwan farko, na karanta haka a littafi, amma shi ya san ranar.

Na ce ina zan gan ta. Ya ce, “Kai ɗan ina ne?” Na ce Buza. Ya ce, “To a kan gidajenku take.”

Mun dawo bayan la'asar, taya ta yi faci sau ɗaya, ni na biya. Na faɗi a kan tabarmar jiya, na ɗaga kai don in yi hamma. Sheƙa ce ƙatuwa a saman iccen, shamuwa biyu na gyara kirare. Na duba tabarmar, sai a lokacin na gane farin da ke jikinta ba alli ba ne. Inna ta ajiye mini kwanon fura ta ce, “Na ce ka matsa.”

Washegari ban gama lazimi ba na ji sallama a zaure. Ɗan kabu-kabu ya riga ya baza labari a tasha cewa Mushe na tara wa Turawa tsuntsaye, kuma ba ya ciniki. Yara tara ne a layi. Mai kurciya a cikin kwando, mai gwara biyu a aljihu, mai ɗan balbela da ƙafa ɗaure. Na ƙarshensu, ƙarami mai majina, rungume yake da zakaran maƙwabcinmu, ya ce in yi sauri in rubuta shi kafin mai shi ya dawo daga masallaci.