Gwaggon Amarya da Farcen Ruwan Hoda

Farcena gajere ne tun asali. Gado ne ta wajen uwa, kuma ɗan abin da gadon ya rage mini, wanke-wanke da gurzar kuɓewa sun ƙarasa shi. Ranar Juma'a sai in bi sauran da reza, tunda tun muna Islamiyya aka koya mana kada a bar farce ya haura kwana 40, ni kuwa nawa ko mako ba ya cikawa. Adon hannuna lalle ne. Ja a farce, baƙi a bayan hannu, ruwan alwala ya wuce abinsa babu mai tare shi. A haka na yi aure, a haka na aurar da ƙanne, babu wanda ya taɓa kai ƙarata.

Sai bikin ɗiyar yayana ya taso a cikin hunturu, aka fitar da anko leshi ruwan hoda daga Kantin Kwari. Ƙanwar amarya, wadda ke jami'a kuma ba ta ajiye waya ko a kan sallaya, ta zo gidana kawo ɗinki. Ta kama hannuna ta juya shi ta sake juyawa.

"Gwaggo, ke za ki buɗe liƙi ranar dina fa. Mai hoto hannu yake ɗauka. Da wannan za ki fita?"

Hannun da ya yi mata wankan jego tare da uwarta ke nan ake tambaya ko zai iya shiga mutane. Na ce mata jan farce yana hana ruwa taɓa farce, babu alwala a kansa. Ta ce ai yanzu akwai wanda ake ce wa mai numfashi, irin na kamfanin Inglot, wai ruwa yana ratsa shi. Na ce malamai ba su haɗu a kansa ba, ni kuma ba zan jingina sallata a jikin rubutun kwalba ba. Ta yi shiru, ta matso, ta rage murya: "To Gwaggo, yaushe ne fashin sallarki?" Muka ƙirga da yatsu. Bikin ya faɗo daidai a tsakiya. Kowace mace ta san wannan lissafin, shi ya sa idan kika ga jan farce a hannun matar Kano, ta riga ta ba ki labarin da ba ki tambaye ta ba.

Asabar da hantsi muka dira wani shagon gyaran farce a Sabon Gari. Madam mai shagon ta karɓi hannuna da fara'a, ta duba, fara'ar ta ragu.

"Hajiya, ina farcen?"

Na ce shi ne wannan. Ta ce a liƙa mini na roba da gam, dogaye, masu tsini. Na ce mata gwaggon amarya ce ni: ni zan ƙirga kwanuka, ni zan ɗaure ƙullin gara, ni za a miƙa wa jariran mutane. Ta yi ajiyar zuciya ta ɗauko wani zobe mai ɗauke da farata na gwaji, kowanne da launinsa. Duk ruwan hoda ne. Ni a sanina ruwan hoda guda ɗaya ne, wanda ke jikin ankon. Ashe akwai mai haske, da mai duhu, da mai ƙyalli, da mai kalar albasa, da wanda sai an rantse miki kafin ki yarda an shafa wani abu.

Wannan na ƙarshen ƙanwar amarya ta nuna. Ta ce shi ne ya fi dacewa da gajeren farce, domin launi mai haske yana sajewa da yatsa sai ido ya ga kamar ya ƙara tsawo. Ta ce Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu irinsa ta riƙa sawa, na kamfanin Essie mai suna Ballet Slippers, tun 1989 da aka rubuta wa kamfanin wasiƙa daga wajen mai gyaran gashinta ana neman kwalba. Na tambaye ta ko Sarauniya ta taɓa kankare ƙanzon tukunyar wake. Aka gwada mini shi a ƙaramin yatsa. A fatar Sarauniya wataƙila ya saje. A tawa baƙar fatar sai ya fito fari fat, ya tsaya shi kaɗai yana kallon jama'a.

Muka koma kan na Faransa, wato a shafe farce da ruwan hoda sannan a ja farin layi siriri a bakinsa. Yarinyar ta ce sunan ne kawai na Faransa, a Amurka aka ƙirƙiro shi a tsakiyar shekarun 1970, wani mai suna Jeff Pink na kamfanin Orly ya yi wa 'yan fim ɗin Hollywood don kada su riƙa sauya jan farce duk lokacin da suka sauya kaya. Madam ta ɗauko siririn buroshi, ta riƙe numfashi, ta ja layin. Ya sauka a kan tsoka. Layin yana buƙatar bakin farce da zai zauna a kai, ni kuwa nawa bakin na bar shi a jikin magurji. Ta goge, ta ce za a iya yin ɗige-ɗige, ko layi a tsaye, ko a fara da duhu a ƙare da haske. Kowanne cikinsu fili yake nema, filin kuma babu.

A ƙarshe aka tsaya a kan mai kauri, wanda ya kusa kalar albasa. Za a zagaye bakin farcen, a bar ɗan siririn gefe hagu da dama ba a shafa ba, wai hakan yana sa gajere ya yi kama da dogo. Kuma za a yi shi da jel. Madam ta ɗaga kwalbar da alfahari ta ce, "Wannan sati biyu, sati uku, ba ya fita." Mu ukun muka yi murna.

Shi jel ba iska ce ke busar da shi ba. Ana goge ƙyallin farce, a shafa na ƙasa, a shafa launi sau biyu, a shafa na sama, kuma bayan kowace shafa sai an cusa hannu cikin wani ɗan akwati mai shuɗiyar fitila na kusan minti ɗaya. Hasken fitilar ne ke daskarar da shi. Hannun dama ya gama, ya fito yana sheƙi, har na ji kunyar yadda ya burge ni. Ana cikin na hagu, an shafa launi na biyu, na cusa hannu ke nan, sai aka ɗauke wuta.

Madam ta kira yaronta ya tada janareto. Babu mai. Aka ba shi galan ya tafi gidan mai, tafiyar da har na bar shagon ban ga dawowarsa ba. Da zaman ya yi tsawo Madam ta ce ai irin hasken da ke cikin fitilar akwai shi a rana, in fita waje in shanya hannun. Gaskiya ta faɗa, sai dai ranar hazo ya rufe gari, rana ta zama farin faifai a sama.

Haka na tsaya a bakin titi, mace mai 'ya'ya a sakandare, cikin hijabi har ƙasa, na ɗaga hannun hagu sama na baza yatsu. Mai adaidaita sahu na farko ya taka burki. "Hajiya, ina muka nufa?" Na ce ba tafiya zan yi ba. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya ja. Na bayansa ya tsaya. Kafin wani lokaci sun yi layi, suna gardamar wanda na fara tsayarwa. Wani ya ce in ciniki ne in faɗi abin da zan bayar. Wani dattijo mai wucewa da carbi ya ga hannu a sama, ya ce amin, ya yi gaba. Yarinyar da ta jawo mini wannan tana cikin shago tana riƙe ciki.

Da muka isa gida, hannun dama na amare ne. Na hagu kuwa ya kwashi ƙurar hunturu da zaren hijabi da wani abu da nake zaton gashin kujerar adaidaita ne. Surukata Hajiya tana zaune a tsakar gida tana gyaran zogale. Ta sa tabarau, ta kama yatsuna.

"Ƙaiƙayi kike yi, kika shafa maganin ƙyandar yara?"

Na ce ado ne, Hajiya. Ta ce, "To, Allah ya sawwaƙe." Maigidan bai ce komai ba sai da na kawo tuwo ya ga na ɗauko cokali. Ya dubi cokalin, ya dubi miyar kuka, ya tambaya ko an biya kuɗi a kan wannan aikin. Ba zan rubuta adadin a nan ba, domin yana karanta abin da nake rubutawa.

Lahadi tun da sassafe ina gidan yayana, ana ta hidima. Wajen hantsi lissafin da muka yi da yatsu ya rushe. Tsarkin da ake sa ran zuwansa Talata ya iso ba sallama. Wanka ya wajaba, azahar tana tafe, wanka kuma ba ya yiwuwa sai ruwa ya taɓa ko'ina, har da farata goma da aka yi wa alƙawarin sati uku.

Na jawo yarinyar ɗaki. Ta kawo ruwan goge jan farce na 'yanmata, muka goga har audugar ta ƙare, jel ya ƙara sheƙi. Muka kira Madam, waya a kashe, tana coci, shago a rufe. Ƙawayen amarya suka shigo da shawarwari. Aka gwada kalanzir, aka gwada lemon tsami, wata ta kawo toka da soson ƙarfe. Hannun hagu, wanda rana ta yi wa rabin aiki, ya ɓare salin-alin. Na dama da aka yi bisa ƙa'ida, da wuta da fitila da komai, shi ya ce babu inda za shi.

Can sai na jiyo ƙarar almakashi a lungu, ƙyas-ƙyas, mai yankan farce yana wucewa. Na tura yaro ya kira shi zaure. Na miƙa hannu daga bayan labule. Bawan Allah bai taɓa ba, ya dai sunkuya ya ƙare masa kallo.

"Hajiya, wannan ba aikinmu ba ne. Fentin mota ne. Sai dai a kai ki Ƙofar Ruwa."

Aka kwashe da dariya, amma mutumin bai yi nisa da gaskiya ba. Jan farcen zamani daga fentin mota ya samo asali a shekarun 1920, lokacin da aka fito da fenti mai saurin bushewa da sheƙi, masu kayan kwalliya suka ara, har Revlon ya shigo kasuwar a 1932. Ya karɓi kuɗin shawara ya tafi.

Yarinyar ta binciko cewa abin da ke narkar da jel asiton ne zalla. A kankare ƙyallin sama, a jiƙa auduga, a ɗora a farce, a naɗe da takardar alminiyon, a jira minti 10 zuwa 15. Na kira maigidan na ce ya bar duk abin da yake yi. Ya zagaya kemis-kemis ranar Lahadi yana yi wa maza 'yan'uwansa bayanin abin da zai yi da shi, ya kawo kwalbar, ya miƙo ta ƙofa, bai ce uffan ba. Takardar naɗi kuwa sai wajen masu girki da ke naɗe kaji a bayan gida. Na je da kwalbar a buɗe, uwar girkin ta shaƙi warin, ta daka mini tsawa in yi nesa da murhu kafin in tashi gidan biki da gobara. Ta yi daidai, asiton yana kama wuta nan take. Ta yago mini takardar ta jefo daga nesa.

Na zauna a ƙuryar ɗaki, yatsu biyar a naɗe suna walƙiya kamar kifin da za a gasa. Minti biyar ba su cika ba na ji guɗa a tsakar gida. Dangin ango sun iso.

"Ina gwaggon amarya? A kira gwaggo!"

Babu wanda zai tarbe su sai ni. Na cusa hannun cikin mayafi na fita. Na yi ta sannu da zuwa da ka, har na iso gaban yayar kakar ango, tsohuwa mai son musafaha. Ta laluba cikin mayafin ta kamo hannun da hannu biyu. Takarda ta yi ƙara. Ta janyo shi fili, tsakar gida ta yi tsit.

"Wayyo 'yar nan! Ƙonewa kika yi?"

Na buɗe baki, ta riga ni. Ta juya ga mutanenta ta ce su gani, wannan ita ce gwaggo, ta ƙona hannu a tuwon bikin ɗiyarta kuma ta fito tarbar baƙi ko a jikinta. Ta ce gidan da ke da irin wannan, ɗansu ya yi dace. Ta tofa mini addu'a a kan takardar kaji, ta ce in riƙa shafa zuma. Na ce na gode, Hajiya.

Jel ya saki daga ƙarshe, na kankare shi da bayan cokali, na yi wanka, na sami azahar a ƙurarren lokaci. Farcen da ya fito daga ƙasa fari ne, busasshe, siriri, abin tausayi. Da daddare a wajen dina na naɗe hannun da hankici. Labari kuwa ya riga ni isa. Mai gabatarwa ya kira ni fili, ya sanar da jama'a sadaukarwar da na yi, ya ce kada a bar gwaggo ta wahalar da hannunta. Maimakon in buɗe liƙi, ni aka yi wa. Dangin ango suka yi mini ruwan sababbin kuɗi, tsuntsu daga sama gasasshe. Da na ƙirga a gida, sun biya Madam, sun biya asiton, har da canjin adaidaita. A hotunan bikin kaf babu inda farcena ya fito.

Farcen hannu yana tsiro kusan milimita 3 a wata, sai ya yi wata 4 zuwa 6 kafin sabo ya maye gurbin tsoho gaba ɗaya. A wannan tsakanin na mayar da shi hannun mai ƙunshin unguwarmu, ta lulluɓe ɓarnar da jan lalle, ba ta tambayi ina farcen yake ba. Yayar kakar ango har yau tana aiko a tambayi jikin hannu.

'Yar'uwa mai gajeren farce, in ruwan hoda ya shiga ranki, mai kauri ya fi amsar baƙar fata, kuma zagayayyen baki ya fi kyau da mu. Amma kafin ki miƙa hannu ki tambayi Madam da me ake goge shi, ki leƙa tankin janareto da idonki, kuma ki tabbata gobe ba Lahadi ba ce. Mai buƙatar asiton ta aiko yaro, akwai saura a wajena.