Ranar Tashi, Kowa da Tarkacensa

Ba a sanin yawan tarkacen gida sai mai gidan haya ya ba da wa'adi. Ranar da a-kori-kura ta tsaya a ƙofa, direba ya tuna wa mutane cewa sawu biyu aka yi ciniki, ranar halin kowa ke fitowa fili.

Ga Malam Wata-Rana. Duk abin da aka ɗaga, amsarsa ɗaya ce: "A bar shi, wata rana zai yi amfani." A ƙarƙashin gadonsa akwai rediyo mai kaset wanda ya yi shiru tun mulkin Abacha, da talabijin mai ƙusumbi, da cajar Nokia rututu babu wayar ko ɗaya, da damin makullai waɗanda ƙofofinsu suka daɗe da zama itacen girki. Yana da leda cike da ledoji. Yaro ya ɗauki fanka zai kai bola, sai ya daka masa tsawa: "Kai, ajiye! Waya ɗaya ce ta ƙone a ciki." Wayar nan kuwa ta ƙone tun ba a yi auren uwar yaron ba. A ƙasan adakarsa har da takardun naira da aka daina karɓa tun canjin kuɗi na 1984, ya lulluɓe su da tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma ba kuɗin ba, ba jaridar ba, babu wanda zai bari a taɓa.

Matarsa tana yi masa dariya, alhali ita ce ta biyu a layi. Nata tarkacen dai yana ƙyalli, shi ya sa ba a kiransa tarkace. Kwalla da samira da langa na jeren aurenta, ba a taɓa zuba ko ruwa a ciki ba, sai dai a sauke a goge a mayar. Ka ce a kira dillaliya, sai ta dafe ƙirji: "Na Ummi ne idan ta tashi aure." Ummi tana aji uku a firamare, kuma amaren yanzu ko kyauta ba sa karɓar kwalla.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai sadakar dole. Ba ya zubarwa, neman lada yake yi. Zai kira almajiri ya miƙa masa takalmi ƙafa ɗaya, ya aika wa ƙaninsa firjin da kyankyasai suka mayar da shi unguwa, kuma kuɗin dako a kan ƙanin. Bayan shekara ya zo zumunci yana waige-waige: "Ina firjin nan da na ba ka?"

Akwai kuma mai ciniki, wanda ya rantse ko allura ba za ta fita kyauta ba. Shi da ɗan gwangwan sai an raba. Ɗan gwangwan ya zo da baro da sikeli da mayen ƙarfe, aikinsa ya ware ƙarfe daga alminiyam, ya lalubo jan ƙarfen da ke cikin waya, ya auna kilo. Alhaji kuwa tarihi yake sayarwa. "Wannan dutsen guga daga Makka na zo da shi." Yaron ya manna masa mayen ƙarfe, ya ɗora a sikeli, ya faɗi kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Sikeli bai san aikin Hajji ba. A yi ta ja har la'asar, ƙarshe a rabu a kan bokitin roba ɗaya da kalmar "Allah Ya isa" ƙasa-ƙasa.

Maƙwabciya mai taya haɗa kaya ba ta da yawan magana. "Maman Ummi, wannan ma da shi za ku tafi?" Kafin a amsa, turmi ya tsallaka katanga. Mai tashin dare kuwa, wanda bashin haya ya yi wa katutu, bai da lokacin zaɓe, abin da amalanke ya ɗauka kafin kiran assalatu shi ne rabonsa.

Sai ɗan zamani, wanda ya ga bidiyo a waya cewa tara kaya ciwo ne. Shi a yini ɗaya yake share gida tas. Buhun Ghana-must-go shida ya cika ya miƙa wa 'yan bola jari yana fito, bai duba ba. Sai an kwana biyu a sabon gida ake gano cewa rasit ɗin kuɗin haya da katin rigakafin yara da murfin tukunyar tuwo duk sun bi ayari. Ranar da aka ɗauke wuta ya ja janareta ta ƙi tashi, ashe wani ɗan ƙarfe da ya jefa a buhu shi ne kafiretarta. Ya hau adaidaita sahu zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa, ya yi ta zagaya rumfuna har ya ci karo da ita, da ɗigon jan fentin da ɗansa ya shafa mata. Ya ce wannan ai tawa ce. Mai rumfa ya karɓe ta, ya goge da gefen riga, ya ce: "Haba Alhaji, 'yar Beljiyam ce, jiya aka sauke ta. Nawa ka saya?"