Daushen da Na Yi wa Surukina

Sabon goro ɗaure baki yake yi, kowa ya sani. Sai ya kwana biyu a ganye baurinsa yake kwanciya, garɗi ya fito, ya zama daushe, wanda in ka tauna ka kora da ruwa sai ka ji ruwan ya yi zaƙi. Turawan Faransa da Kalifoniya ma haka suke yi da giyar inabin Cabernet, su jibge ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, don sinadarin tanin da ke sa ta bauri ya lafa. Shi ne dai sinadarin da ke cikin goro. Su ƙarata can. Mu a Kano da aka ƙaddamar da Shari'a tun 2000, namu baurin a huhu yake kwanciya.

Abin da ya kai ni ga wannan fage neman suna ne a wurin surukina. Dattijon jikan Agalawa ne, fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja da jakuna har Salaga, hanyar da tarihin Kano ya ce an buɗe ta zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15. In ya ɗauko labarin yadda Alhassan Dantata ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Ikko, kiran sallah ne kaɗai ke ceton mutum. Na ce bari in kai masa daushe na hannuna.

Na tafi kasuwar Mariri da babbar riga, don kada a raina ni. Wani dillali ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, irinku sai ɗan Laboji na ƙasar Nufe, goron sarakuna." Wannan "Alhajin" kaɗai ya ƙara wa kuɗin kauri, domin ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Na sayi ƙwarya goma, marsa zalla, fari da ja. Ya ba ni sharuɗɗa: a naɗe da ganyen fita, a ajiye wuri mai sanyi, a riƙa buɗewa ana tsince wanda ya lalace, a canza ganye in ya bushe, kada iskar hunturu ta taɓa shi, kuma a kiyayi sankara.

Bai ce a kiyayi mutanen unguwarmu ta Mandawari ba.

Na samu wani tsohon ɗakin soro a gidanmu, mai kaurin bango, na ajiye huhun. Kafin la'asar, yaron da ya ɗauko min shi daga bakin titi ya gama sanar da lungu cewa an buɗe rumbun goro. Washegari da asuba gwaggona ta aiko: ana suna gidan ƙawarta, a ba ta ƙwarya guda. Na je da kaina na yi bayani.

"Gwaggo, ai wannan ba na ci ba ne yanzu, ajiye shi nake ya tsufa."

"To ni ban tsufa ba? Kawo shi nan mu tsufa tare."

Daga nan sai baiko, sai ɗaurin aure, sai sadakar bakwai, sai saukar karatu. Ban taɓa sanin unguwarmu na da yawan sha'ani haka ba. Wani maƙwabci ma har tayi ya yi min na ya riƙa taya ni tsincewa, kuma duk goron da ya ɗauka sai ya ce wannan ya fara lalacewa, ya jefa a aljihu.

Da na ga abin ya zo wuya, na sa kwaɗo na kulle ɗakin, na ce makulli ya ɓata. Jama'a suka haƙura. Ganye ya bushe, hunturu ya shigo, sankara kuwa ba ta neman makulli.

Ranar da na buɗe, na tsinto 'yan waɗanda suka rage da kamannin goro, na wanke, na jera a faranti, na tafi. Na durƙusa nesa kaɗan na ce, "Baba, ga ɗan abin taɓawa, ɗan Laboji ne, ni na adana shi."

Dattijo ya ɗauki ɗaya ya ɓare kusa da kunnensa. Ba ƙara. Ya shinshina, ya gutsira, ya lumshe ido har na fara murna. Can ya ce, "Wannan Shagamu ya taso, Nufe ko a mota bai bi ta ba." Ya ɓare na biyu, wata 'yar tsutsa ta leƙo. Ya daɗe yana kallonta da girmamawa.

"Malam, wannan baiwar Allah ta fi ka sanin goro. Masu kyan ta cinye, ta bar maka waɗanda ta raina."

Ya kira jikansa ya ba shi kuɗi ya sayo mana daushe a bakin masallaci. Ina komawa gida na tarar da ɗan aiken gwaggo a zaure: wai jikarta za ta yi aure bayan Sallah, yaushe zan sake sarin?